Sayan Ya Yi Ƙasa

Zuwa ga Ɗan Kawu,

Ka yi haƙuri da ni. Na san aiki ya yi maka yawa, ga shi na ɗora maka karatun wasiƙa. Da waya za ta yi da na kira, amma kai da bakinka ka ce injin ya cinye maka kunne, in an yi magana sai ka ce "na'am" sau uku ka kashe. To ga takarda, ka karanta in ka samu sarari.

Ina fata kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Ka gaya mata man gwiwar da ta aiko ya yi mini amfani, Allah ya saka da alheri. Mu ma alhamdulillahi. Maigidan yana samun sauƙi a hankali. Hannun dama har yanzu ba ya motsi, amma yana zama a kujera, yana cin abinci da hagu ba sai na taya shi ba. Magana ce dai ba ta dawo ba. Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, kalma biyu suka rage a bakinsa, "a'a" da "to", su ma ba kullum suke fitowa inda ya nufa ba.

Direba ya kawo gwajin bangon littafin ranar Talata. Kafin in shiga maganar bari in ce, tsofaffin ɗalibansa da suka haɗu don a buga zane-zanensa cikin littafi sun yi abin kirki, kai ma da ka karɓi aikin a maɗaba'arku ka yi zumunci. Ba raini ya sa nake rubutu ba.

Zanen da suka zaɓa na bango ka san shi, wanda ke rataye a falonmu: kujerar katako, mayafi a kanta, ba kowa a zaune. Mayafina ne na shekarar da muka yi aure. Ni a idona gwajin ya yi. Na ɗaga shi kusa da zanen, na dubi wannan na dubi wancan, ban ga bambanci ba. Na kai masa da murnata. Ya daɗe yana kallo, sai ya ɗora yatsa a kan mayafin ya ce a'a. Na tambaye shi ko takardar ce ba ta yi masa ba, ko rubutun sunansa. Bai ko kalle ni ba, yatsan na nan kan mayafin yana ƙwanƙwasawa. Na ce launin ne? Ya ce to. Na ce a ƙara shuɗi? A'a. A ƙara kore? Ya ture takardar ta faɗi ƙasa. Rannan bai ci abincin rana ba.

A ƙasan gwajin akwai inda aka rubuta "Na duba, na amince a buga," da layin sa hannu. Shi ba ya iya riƙe biro, ni ce zan sa a madadinsa. Ɗan Kawu, ba zan iya rubuta "na amince" da sunan mutumin da na ji da kunnena ya ce a'a ba. Tun muna gaban malam aka koya mana cewa abin da hannu ya rubuta shaida ce, za a tambayi mai hannun. Sau biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Na rasa sunan da zan ba ka. Ba shuɗi yake so ba, ba kore ba, kuma ni iyakar launukan da na sani a wannan ɓangaren ke nan. Kai ne ka tsufa cikin tawada. Ka duba mini ko za ka gane abin da yake nufi.

Yayarka

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Wasiƙarki ta same ni tsaye gaban inji, da yatsu biyu na riƙe ta don kada in bar mata tambari. Muna lafiya. Mutuniyar taki ta ce ki rage godiya ki ƙara shafawa. Ki gaida mini maigidan naki, Mai Buroshi, ki ce masa na ji ya kore mini aiki da kalma ɗaya. Masu kawo mana aiki da bakinsu lafiya lau sai sun yi awa guda kafin su faɗi abin da ya faɗa.

Na sake duba hoton zanen da ɗalibansa suka ɗauko, na duba abin da muka fitar. Ba mu ƙara ba, ba mu rage ba. Amma tunda mai abu ya ce a'a, na zauna na yi tunani. A ganina matsalar ba ta wuce sayan ba. Sayan ya yi ƙasa ƙwarai a wannan zanen. Kuma gara in gaya miki tun yanzu, irin wannan aikin na fenti, ko mun yi iya ƙoƙarinmu, sayan ba zai kai yadda maigidan yake tsammani ba. Haka abin yake, ba laifin kowa ba ne. In kin yarda in ɗan taɓa shi yadda sayan zai tashi, in sake aiko miki.

Abu ɗaya kuma. Daga farkon watan gobe injin zai koma kan littattafan makaranta, wata huɗu ba ya sauka. In bangonku bai hau kafin nan ba, sai bayansu. Direban yana zuwa wajenku sau biyu a mako, ki ba shi amsa.

Ƙaninki

*

Yaya,

Lafiya kuwa? Direba ya je ya dawo sau huɗu hannu biyu. Na tambaye shi, ya ce ya ga labulenku a buɗe, ya ji rediyo, kin fito kin gaishe shi kin ce babu saƙo. To na san dai da rai. Amma ke ba mai shiru ba ce in an tambaye ki abu, tun muna yara ko ba ki san amsa ba sai kin ce "ban sani ba" kafin ki tafi.

In jikin Mai Buroshi ne ya tashi ki gaya mini, in bar inji in zo. In kuma wani abu na faɗa, ki faɗa mini mene ne. Na sake karanta kwafin wasiƙata ban ga inda na taka ki ba, sai dai ko wasan da na yi da maganarsa. In shi ne na tuba.

Mai maɗaba'ar ya tambaye ni yau ko ya ba wani gurbinku. Na ce ya dakata.

Ƙaninki

*

Zuwa ga Ɗan Kawu,

Ina gaishe ka da iyali. Jikin maigidan yana nan yadda yake, kada ka bar aikinka. Ba wasanka ba ne, shi ma da ya ji sai da gefen bakinsa ya motsa.

Na yi shiru ne don kada in rubuta cikin ɓacin rai. Na ce in jira ya huce, to bai huce duka ba, amma ya kai in riƙe biro.

Ka ce sayan ya yi ƙasa, kuma ko kun yi ƙoƙari sayan ba zai kai yadda yake tsammani ba. Wannan layin ban karanta masa ba. Na tsallake, kuma tsallakewar ma tana damuna, don ya ga na tsaya a tsakiyar takarda. Ɗan Kawu, bai taɓa tsammanin ciniki ba. Shekara talatin yana koyar da zane, ya dawo gida ya zana ƙofofi da bokitai da igiyar shanya, bai kai ko ɗaya kasuwa ba. Ɗalibansa sun ce littafin na tunawa ne, ya gan shi da idonsa ya riƙe a hannu. In kai da ka san harkar ka ga ba wanda zai saya, ba zan yi maka musu ba, wataƙila gaskiya ce. Amma ni launi na tambaye ka, ka amsa mini da kasuwa. Sannan ka ce za ka taɓa shi don sayan ya tashi. A taɓa me? A ƙara masa ado don ya ja ido a kanti? Ban yarda ba. In mayafin bai isa bangon littafi ba a sa wani zanen, ko a bar littafin gaba ɗaya.

Na riga na rubuta wa babban cikin ɗaliban cewa a dakatar. Takardar tana nan ƙarƙashin tire, ban aika ba, kullum sai na ɗaga na duba ta. Shi kuma tun ranar gwajin ya sa na juya masa kujera tana kallon zanen. Daga safe har la'asar yana zaune yana kallonsa, ba na sanin abin da yake nema. Ni ma na kasa zama wuri ɗaya. Jiya na wanke kwanukan da na riga na wanke.

In na yi maka mummunar fahimta ka yafe mini. Amma abin da na karanta ke nan.

Yayarka

*

Yaya,

Allah ya ba ki haƙuri. Na karanta wasiƙarki, na koma kan tawa, sai da na zauna a kan damin takarda don dariya, daga baya kuma kunya ta kama ni. Mako biyu kina wanke wankakkun kwanuka saboda ni.

Ba saye da sayarwa nake nufi ba. Sayan sunan tawada ne. Haka muke kiran ta a nan, daga bakin masu inji muka gada, na saba har na manta cewa a wajen sauran bayin Allah kalmar tana da wani aiki. Ki yaga waccan takardar da ke ƙarƙashin tire.

Bari in yi miki karatun da ya kamata in fara da shi. Duk hoton da kika gani an buga mai launi, tawada huɗu ce kawai. Akwai baƙa. Akwai rawaya. Akwai wata ja mai ruwan hoda. Ta huɗun ita ce sayan. Kowacce da farantinta, takarda tana bi ta ƙarƙashinsu ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta zuba mata ɗigo-ɗigo ƙanana waɗanda ido ba ya rabewa. Sayan da rawaya su ke ba da kore. Sayan da mai ruwan hodar su ke ba da shuɗin da kika sani. Ita kaɗai kuwa, ba a haɗa ta da kowa ba, ba shuɗi ba ce ba kore ba. Tana tsakani, da haske, kamar ruwan da aka tara a farin baho aka ajiye a rana. Da kika ce ya ƙi shuɗi ya ƙi kore, ita ta faɗo mini. A hoton da aka kawo mana mayafin kore-kore ne mai duhu, rawaya ta yi yawa, sayan ya yi ƙasa. Abin da na faɗa ke nan. Da na ce ba zai kai yadda yake tsammani ba, nufina fenti yana da wani haske da tawada a kan takarda ba ta kamo shi duka, sai dai ta kusa.

Ga shi na saka miki takarda mai murabba'i huɗu, kowacce tawada zallarta. Kada ki gaya masa sunayensu, kada ki nuna masa da yatsa. Ki ajiye a cinyarsa kawai ki koma gefe. Ki yi da rana, kusa da taga, ba a ƙarƙashin ƙwan lantarki ba, ƙwan yana ƙarya.

Saura kwana goma sha biyu. Litinin ta ƙarshe a wata za a yi farantan, in an yi su kuma an gama. Mai maɗaba'ar ya soma kallona ta saman tabarau.

Kuma, Yaya, ko da na ga ba za a sayi littafin ba, ni ne zan faɗa miki a wasiƙa? Kin raina ni.

Ƙaninki

*

Zuwa ga Ɗan Kawu,

Bayan gaisuwa, ka yafe mini. Na zarge ka da abin da ba ka yi ba, kuma na kwana goma sha huɗu da zargin a raina ina sallah da shi. Na yaga takardar. Na kuma karanta masa layin da na tsallake, na gaya masa yadda na fahimce shi. Ya rufe ido kafaɗarsa tana rawa. Tun da ya kwanta ban ga ya yi dariya haka ba, ko da ni ake yi wa.

Na yi yadda ka ce. Da hantsi na tura kujerarsa bakin taga, na ɗora takardar a cinyarsa, na koma bakin ƙofa. Bai yi wani dogon kallo ba. Ya ɗaga hannun hagu ya kife tafinsa a kan ta huɗun, sayan ɗinku, ya ce to. Ya sake cewa to. Sannan ya ɗago ya nuna zanen da haɓa.

Ya kamata in yi murna, amma abin da ya biyo baya ya hana ni. Na ɗauki takardar na kai jikin zanen. Ɗan Kawu, ba su yi kama ba ko kaɗan. Tawadarka tana haske kamar an kunna ta. Mayafin da ke bango kore-kore ne mai duhu, kamar yadda ka ce, kamar yadda hoton ya nuna, kamar yadda na san shi kullum ina goge masa ƙura. Gwajinku na farko shi ne gaskiyar abin da ke bangon.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Lokacin da za a sallame mu, likita ya ja ni gefe ya ce ciwon nan wani lokaci ba ya tsayawa a hannu da harshe, yana iya taɓa tunani, ko yadda mutum ke gane abin da yake gani. Ya ce in lura, in na ga alama in dawo da shi. Wata bakwai ina lura ban ga komai ba. Yanzu ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana haɗa launi, yana kallon abu kore yana ce mini wannan ne.

Na yi ƙoƙarin tuna mayafin kansa. Ya daɗe da mutuwa, na yi tsumma da shi tun yara suna ƙanana. In na rufe ido sai in ga na bangon, ban san ko nawa nake tunawa ko nasa ba.

Na tambaye shi a hankali ko ya tabbata. Na ce ya sake dubawa, ga zanen ga takarda. Na yi masa magana yadda ake yi wa mara lafiya, kuma ya ji. Ya janye hannunsa, ya kalle ni wani irin kallo, ya juya fuska taga. Tun daga nan ko "a'a" bai ce mini ba.

To yanzu ina zan sa hannu? In na sa a gwajin farko, na rubuta amincewar da bai yi ba. In na ce ku bi abin da ya zaɓa, na sa an buga abin da ba ya cikin zanen, ɗalibansa su buɗe littafi su gane malaminsu ya rikice. Wannan ita ce ba zan iya ɗauka ba. Na ɗauko katin asibiti na ajiye a jaka, na fitar, na mayar.

Ka gaya mini abin da ka gani, ko da ba zai yi mini daɗi ba.

Yayarka

*

Yaya,

A tsaye nake rubutu, direba yana hura mini ƙaho. Ki bar katin asibiti tukuna.

Ni ba likita ba ne, amma na ga takardun da muka buga suna tsufa. Wadda aka manna a bango, bayan shekara biyu in ka cire sai ka ga inda wata takarda ta rufe yana nan sabo, sauran ya sauya. Mai gidan da yake wucewa kullum ba ya lura, don a hankali abin yake tafiya. Zanen nan ya fi shekara nawa a falonku? Kuma na tuna yana da sheƙi, kamar an shafa masa man da kafinta ke shafa wa katako. Man nan yana komawa rawaya in ya tsufa. Na kuma gaya miki abin da rawaya ke yi in ta hau kan sayan.

Ki sauke zanen. Ki kife shi, ki cire ƙusoshin baya, ki zare shi daga firam ɗin. Ki duba bakin da katako ya rufe, inda mayafin ya sauka har ƙasa. Ban yi miki alkawarin komai ba. In can ma kore ne, to sai mu yi maganar likita, kuma zan zo mu je tare.

Litinin ce fa. Ba lokacin sake gwaji in aiko miki. Abin da kika ce shi za a yi.

Ƙaninki

*

Zuwa ga Ɗan Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida mai ɗakinka. Mu lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, sauri nake yi.

Na sauke shi jiya bayan azahar. Ya fi ƙarfina, sai da na jingina shi da tebur na zame shi ƙasa a hankali. Maigidan yana kallona. Ƙusoshin sun yi tsatsa, filayarsa ta cikin akwatin fenti na ɗauko, ɗaya ta karye a ciki, na yanke a yatsa. Goma sha ɗaya ne. Da na zare ta ƙarshe katakon ya saki, ƙura ta zubo mini a zani.

Yana nan. Faɗinsa bai fi yatsa ɗaya ba, daga inda mayafin ya taɓa ƙasan zanen. Man bai kai wurin ba, ashe bayan an sa firam ya shafa. Layi ne tsaf, sama kore mai duhu, ƙasa kuma wannan launin, sabo kamar jiya aka sa. Da na gan shi sai na tuna mayafin, har da wurin da ƙofa ta taɓa yage shi na ɗinke. Haka yake. Haka yake tun farko. Shekara ashirin da takwas ina goge zanen nan yana sauyawa a hannuna ban sani ba. Shi kaɗai ya riƙe.

Na ja zanen har gabansa na ɗaga masa bakin. Ya duba. Bai yi mamaki ba, bai yi murna ba, ya dai ɗago ya kalle ni. Na durƙusa na ce ya yafe mini, na yarda da bango na ƙi yarda da shi, har na ɗauko katin asibiti. Wannan ma na gaya masa, don ba na so ya rage a tsakaninmu. Sannan ya miƙo hannu ya kama yatsan da na yanke yana dubawa, kamar shi ne babban abin da ya faru a ɗakin.

Na ɗora takardarka kusa da bakin. Sayan ɗinku ta kusa ƙwarai, amma nasa ya ɗan fi ta laushi, kamar an sa masa fari kaɗan. Na san in na tsaya kwatanta maka da baki za mu sake komawa inda muka fito. Sai na tambaye shi ko in yanko maka ɗan ƙyalle daga bakin zanen. Ya gane. Na kawo almakashin ɗinki, shi ya danne kusurwar da hannun hagu, ni na yanka, daga can gefe inda katako zai sake rufewa. Ga shi nan cikin ambulan, tsawon rabin yatsa. Ban manna shi da gam ba don kada ya jiƙa ya sauya, ɗinke shi na yi a jikin farar takarda da zare. Ka duba shi da rana, kamar yadda ka koya mini.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, a mai da mayafin wannan launin, iya kusan da tawadarku za ta kai. Ka ce ba za ta kamo duka ba, na gaya masa, ya ce to. Sauran zanen ma man ya taɓa shi, kujerar da bangon baya, amma wannan kai ka san yadda za ka rage rawayar, ni ban sani ba.

Na biyu, wanda ya zo falonmu ya ga zanen zai ga bai yi daidai da littafin ba, kuma ba na so a ce mun gyara don ya yi kyau. A bayan bangon littafin, ko da ƙananan baƙaƙe ne, a rubuta: "An buga mayafin da launinsa na ranar da aka zana shi. Na jikin zanen ya sauya da shekaru." Na karanta masa sau biyu, bai ƙi ba. In layin zai sa a sake wani faranti ka gaya wa mai maɗaba'ar ni ce na nace, ya yi fushin da ni.

Saura sa hannu. Takardarku ta ce "na duba", ni kuma sabon gwajin ba zan gan shi ba kafin Litinin, don haka ban sa a kanta ba, ga ta nan na mayar maka yadda take. A ƙarƙashin ƙyallen da na ɗinke na sa. Na rubuta: "Wannan na gani da idona, mai shi ya amince da shi a gabana." Iyakar abin da zan iya shaida ke nan. Daga nan zuwa inji idonka ne, na ba ka amana.

Ban sani ba ko mai maɗaba'ar zai karɓi sa hannu a jikin ɗinki, ko ambulan ɗin zai iso kafin a yi farantan. Zanen yana nan a ƙasa jingine da tebur, maigidan ya hana a mayar da shi firam, ni kuma duk motar da ta tsaya a waje sai na leƙa. Don Allah ka ba direba amsa ya juyo da ita, ko layi ɗaya ne, kada ka bari sai wani zuwan.

Yayarka